Kurakuran da masu biyan kuɗin kallo ta intanet suka fi yi a Maraɗi, da yadda za a gyara su

Shekaru kaɗan da suka wuce, lissafin kallo a gidajen Maraɗi ba shi da wata sarƙaƙiya: faranti a saman soro, dekoda a ɗaki, idan wata ya ƙare magidanci ya aiki yaro wurin wakili ya sabunta abonma. Tun daga watan Janairun 2016, lokacin da Netflix, kamfanin nuna fina-finai ta intanet, ya buɗe ƙofarsa ga ƙarin ƙasashe 130 a rana ɗaya, kallo ya fara komawa cikin waya, kuma shigowar Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, Nijar a 2025 ta ƙara wa masu hali ƙwarin gwiwar gwadawa. Sai dai yawancin waɗanda na ji suna kukan cewa kuɗinsu ya tafi a banza, idan aka bi diddigi, za a tarar sun shiga harkar ne ba tare da sanin ta inda waɗannan kamfanoni suke samun ribarsu ba.

Kuskuren da ya fi kowanne cin aljihu shi ne ɗaukar kuɗin abonma a matsayin dukan abin da za a kashe. An tsara waɗannan manhajoji ne domin ƙasashen da ake biyan intanet na gida sau ɗaya a wata, a yi ta amfani ba iyaka, alhali mu a nan yawancinmu forfe muke saye a Airtel ko Moov ko Zamani, kuma kowace mega a ƙidaye take. Bisa bayanin da Netflix da kansa yake bayarwa, awa ɗaya ta kallo da matsakaicin hoto tana cin kusan giga 1, da hoto mai kyau sosai tana iya kaiwa giga 3, da mafi ƙolin kyau kuwa har giga 7. Wanda yake kallon awa biyu kowane dare da hoto mai kyau sosai zai iya ƙone giga 180 a wata, kuma babu mai sayen forfe a garin nan da bai san abin da wannan adadi yake nufi ba.

Na ga haka da idona a gidan yayata a unguwar Zariya. Ɗanta, ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ya biya abonma da kuɗin da ya tara, ya jona wayarsa da babbar talabijin ta falo, suka zauna da ƙannensa bayan sallar isha'i. Ba a gama dare na uku ba hoton ya tsaya cik, ƴar da'irar nan tana ta juyawa a tsakiyar allo. Ya kawo mini wayar yana cewa, "Kawu, duba mini, na biya na wata guda amma sun yanke." Da muka duba, abonmarsa tana nan daram, forfensa na wata ne ya ƙare ƙarƙaf cikin dare biyu da rabi.

Gyaran wannan yana cikin saitin manhajar, kuma ba ya ɗaukar minti biyu. A shiga wurin da aka tanada domin amfani da data a zaɓi tsarin tsimi, wanda a waya yake iya ba da kusan awa shida da giga ɗaya, wato awa sittin ɗin nan ta wata ta koma kusan giga 10 maimakon 180. A ƙaramin allon waya da ƙyar ido yake rarrabe bambancin. A kuma kashe saitin da yake sa kashi na gaba ya fara da kansa, domin sau da yawa barci yana ɗauke mai kallo, waya kuwa ta ci gaba da zuƙar data. Wanda yake samun wifi a wurin aiki, ko yake sayen forfen dare mai rahusa, ya sauke abin da zai kalla tun da wuri, ya kalla daga baya ba tare da intanet ba, abin da yake da amfani biyu a garin da wuta take ɗaukewa a watannin zafi.

Kuskure na biyu ya taɓa ni da kaina, kuma laifin nawa ne. Na taɓa sa katina na banki a wata manhaja domin in kalli shiri guda, na gama shi cikin mako, na manta da batun, sai bayan wata huɗu na lura ana ta cire kuɗi kowane wata. Babu wanda ya yaudare ni, an rubuta sharaɗin tun farko, ban karanta ba ne. Sabuntawa da kanta ita ce ƙashin bayan wannan kasuwanci. A 2024 kaɗai Netflix ya kashe kusan dala biliyan 17 ta Amurka wajen shiryawa da sayen fina-finai, kuma wannan kuɗi ba ya raguwa ko ƙaruwa saboda mutum ɗaya ya kalla ko bai kalla ba. Da zarar an gama fim, nuna shi ga ƙarin mutum ɗaya kusan ba ya cin komai, don haka duk wanda ya ci gaba da biya, musamman wanda ba ya kallo, kuɗinsa kusan riba ce tsantsa. Shi ya sa babban abin da yake hana shugabannin waɗannan kamfanoni barci shi ne yawan masu fita kowane wata, kuma shi ya sa wasunsu suke sakin shiri kashi ɗaya a mako, domin a tsallaka da mai kallo zuwa wata na biyu da na uku. Abin da nake yi yanzu shi ne, ranar da na biya, a ranar nake soke sabuntawar. A manyan manhajojin, sokewa ba ta hana mutum kallo har ƙarshen watan da ya biya. Wanda yake amfani da katin Visa irin wanda ake zuba wa kuɗi, ya zuba daidai na wata ɗaya kawai.

Daga nan sai riƙe abonma biyu ko uku a lokaci guda. Gasar ce ta jawo haka, domin da Disney ya buɗe tasa manhajar a watan Nuwamban 2019, sauran manyan kamfanonin fim na Amurka ma suka bi sahu, kowa ya janye kayansa ya kulle a rumbunsa, abin da a da ake samu wuri ɗaya ya warwatsu. Mutum ba shi da ido huɗu, kuma awoyin hutunsa ba su ƙaru ba. A riƙe ɗaya wannan wata, a kalli abin da ake so, a rufe, wata mai zuwa a koma wata manhajar.

Kafin a biya kuma, a tabbatar abin da ake nema yana ciki. Izinin nuna fim ƙasa-ƙasa ake sayar da shi, saboda haka abin da ɗan'uwa yake kallo a Faransa ko Amurka ba lallai ne ya fito a wayar mai zaune a Mokoyo ba. Masu son ƙwallo su suka fi faɗawa wannan rami. Netflix ba ya nuna gasar Firimiya ta Ingila, kuma dalilin kuɗi ne: izinin nuna ta a cikin Birtaniya kaɗai, na shekara huɗu daga 2025, an sayar da shi fam biliyan 6.7. A yankinmu Canal+ ne ya daɗe yana riƙe da manyan gasannin Turai, kuma ƙwallon ce take riƙe masa masu biya. Gidan da ƙwallo ce buƙatarsa, dekoda ta fi masa, tun da faranti ba ya cin mega ko ɗaya.

Kusancinmu da Katsina da Jibiya ya sa wasu suna buɗe asusu da adireshin Najeriya su biya da naira, suna ganin sun samu araha. A watannin farko lissafin yakan yi daɗi, amma tun da naira ta faɗi a 2023, Netflix da DStv duka sun ƙara farashi a Najeriya fiye da sau ɗaya, domin su da dalar Amurka suke sayen kayansu. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, don haka wanda yake biya da ita ya fi sanin abin da zai fitar wata mai zuwa. Ga kuma wahalar dogaro da katin wani a ƙetaren iyaka, wanda idan ya sami matsala da bankinsa, kallon gidan gaba ɗaya ya tsaya.

Mafi haɗari shi ne sayen gurbi a asusun da wani yake rarrabawa, ko akwatin nan da ake cewa yana buɗe tashoshi dubbai da jika biyu ko uku. A farkon 2022 Netflix ya yi asarar masu biya 200,000 cikin wata uku, karo na farko cikin fiye da shekara goma, kuma martaninsa shi ne ya fito da tsari mai talla a ƙarshen shekarar, sannan a 2023 ya tsaurara hana raba asusu tsakanin mutanen da ba gida ɗaya suke ba. Matakin ya yi masa amfani, domin zuwa ƙarshen 2024 masu biyansa sun haura miliyan 300, don haka babu alamar zai sassauta. Wanda ya sayi gurbi a hannun ɗan kasuwa yana iya wayar gari an canza lambar sirri, kuma ba shi da inda zai kai ƙara. Akwatunan sata kuwa sukan tsaya ne daidai lokacin babban wasa, lokacin da kowa ya hau kansu, wasu manhajojinsu kuma suna neman izinin shiga saƙonni a wayar da take ɗauke da asusun kuɗin mutum. Idan ana son rage nauyi, mutanen gida ɗaya su haɗa kuɗi su biya tsari guda da sunan ɗayansu, ko mutum ya ɗauki tsarin waya kaɗai, wanda shi ne mafi araha.

Ban ba kowa shawarar biyan shekara guda gaba ba, domin kasuwar Afirka ba ta zauna ba tukuna. A watan Janairun 2024 Amazon ya janye daga zuba kuɗi a sababbin shirye-shiryensa na Afirka ta kudu da Sahara, a 2025 kuma Canal+ ya kammala sayen MultiChoice, mai DStv da Showmax. A shekarar dai Canal+ ya ƙulla yarjejeniya da Netflix domin a riƙa samun sa cikin wasu tsare-tsarensa a ƙasashe 24 na Afirka masu amfani da Faransanci. Saboda haka mai dekoda ya tambayi wakilinsa abin da tsarinsa ya ƙunsa kafin ya buɗe wani asusu daban, kada ya biya abu ɗaya sau biyu.

Akwai kuskure ɗaya da ya fi damuna, ko da yake ba ya cin aljihun mai kallo nan take. Abin da aka fi kallo a gidajenmu, daga Ali Ɗan Sofo har Bagalam, shirye-shiryen Hausa ne, amma su ne muka fi ƙin biya. Muna kai ƴar memori wurin masu tura fim a bakin kasuwa, mu ba da dala ashirin ko arba'in, kuma ko dala ɗaya daga ciki ba ta isa ga wanda ya ɗauki nauyin shirin. Wannan ne ya kashe kasuwar faifai, ya kora masu shirya fim zuwa YouTube, inda suke samun kashi 55 cikin ɗari na kuɗin talla, alhali masu talla suna biyan kaɗan ƙwarai a kan mai kallo daga Nijar ko Najeriya idan aka kwatanta da na Turai. Shi ya sa ake jan labari kashi-kashi har ya gunduri mutum, domin sai an tara kallo mai yawa kafin a mayar da kuɗin kyamara da na ƴan wasa. Manyan kamfanonin waje ba su zuba wani abin kirki a fim ɗin Hausa ba, kuma ba za su zuba ba muddin lissafinsu bai nuna musu masu biya a nan ba. Mai son shirin Hausa ya kalle shi a tashar mai shi ta asali maimakon kwafin da wani ya sake ɗorawa, idan kuma akwai jika guda da za a ware wa kallo a wata, a fara duba manhajojin gida irin su Northflix da ta Arewa24 kafin a tura ta Amurka.