Darasi na 9: Yadda Arsenal Ta Zama Babbar Ƙungiya, 1919 zuwa 1939

Ranar Asabar da yamma, in ka wuce ta gidan kallon ƙwallo a unguwarmu, za ka ji ihu idan Arsenal ta ci. Da yawa daga cikin masu ihun sun fara son ƙungiyar ne tun zamanin da Nwankwo Kanu yake buga mata wasa. Amma kafin Kanu da shekara saba'in da wani abu, Arsenal ba ta da kofi ko ɗaya na a zo a gani. A wannan darasi za mu karanta yadda ta tashi. Mu karanta a hankali, sakin layi ɗaya bayan ɗaya, kuma mu lura da lambobi, domin za mu yi lissafi da su a ƙarshe.

Ma'aikatan wata masana'antar makamai ne suka kafa ƙungiyar a 1886, a Woolwich, kudancin Landan. A 1913 ta ƙaura zuwa filin Highbury a arewacin birnin. Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, aka dakatar da gasar lig a shekarar da ta biyo baya. Da aka dawo wasa a 1919, hukuma ta ƙara yawan ƙungiyoyin rukunin farko daga 20 zuwa 22. Arsenal tana rukuni na biyu a lokacin, ba ta ma zo ta ɗaya ko ta biyu ba, amma da aka kaɗa ƙuri'a ita aka zaɓa, aka bar maƙwabciyarta Tottenham. Shugabanta, Henry Norris, mutum ne mai kuɗi da faɗa a ji. Har yau magoya bayan Tottenham ba su manta da wannan ba. Tun daga ranar Arsenal ba ta sake faɗawa rukunin 'yan dagaji ba.

Hawa rukunin farko bai sa ta zama gwana ba. Shekara shida ta yi tana fama, wani lokaci da ƙyar take tsira.

A 1925 aka ɗauko Herbert Chapman ya zama manaja. Ɗan mai haƙar kwal ne daga yankin Yorkshire, kuma ya riga ya ci gasar lig sau biyu da ƙungiyar Huddersfield. Da ya zo, bai yi wa kowa alkawarin kofi a shekarar farko ba. Ya ce aikin zai ci shekara biyar. Ni a ganina wannan shi ne abin da ya bambanta shi da sauran: ya san gini yake yi, kuma ya sami masu haƙurin jiran ginin.

A shekarar da ya zo aka canja dokar satar gida. Da, sai akwai 'yan wasa uku na abokan hamayya tsakanin mai kai hari da layin raga. Sabuwar doka ta ce biyu sun isa. Nan da nan ƙwallaye suka yi ta shiga raga ko'ina. A watan Oktoba na 1925 Newcastle ta lallasa Arsenal da ci 7 da nema. Chapman ya zauna da babban ɗan wasansa, Charlie Buchan, suka yi shawara. Suka janyo ɗan wasan tsakiya ɗaya ya koma baya, masu tsaron baya suka zama uku. Wasu biyu daga cikin 'yan gaba kuma suka ɗan ja da baya don raba ƙwallo. In ka zana matsayin 'yan wasan a takarda, za ka ga harafin W a gaba da harafin M a baya. Shi ya sa ake kiran tsarin WM. Ku gwada zana haruffan biyu a littafinku, ku ɗiga ɗigo a kowace kusurwa: ɗigo goma za ku samu, na sha ɗaya shi ne gola.

Sai ya shiga neman mutane. Ya sayo David Jack daga Bolton a 1928 a kan fam 10,890, kuɗin da ba a taɓa biya wa ɗan wasa ba kafin nan. A 1929 ya kawo Alex James, gwanin raba ƙwallo, da Cliff Bastin, yaro ɗan shekara 17. Ku tuna cewa a lokacin doka ba ta yarda a biya ɗan wasa fiye da fam 8 a mako ba, komai gwanintarsa.

A 1927 sun kai wasan ƙarshe na kofin FA, Cardiff ta ci su ɗaya da nema. A 1930, shekara biyar cif da zuwan Chapman, suka doke Huddersfield 2 da nema a Wembley, suka ɗaga kofin. Shekara mai zuwa suka ci gasar lig da ƙwallaye 127. Babu wata ƙungiyar kudancin Ingila da ta taɓa cin gasar kafin su. Chapman ne ya sa aka yi wa jar rigar Arsenal fararen hannaye, shi ne kuma ya matsa har aka canja sunan tashar jirgin ƙasa ta Gillespie Road ta koma Arsenal a 1932.

Bai ga ƙarshen aikinsa ba. Ciwon sanyin huhu ya kama shi, ya rasu ranar 6 ga Janairu, 1934, yana da shekara 55. Ƙungiyar da ya bari ba ta wargaje ba. Bayan gasar lig ta 1933 da ta ci yana raye, ta sake cin lig a 1934, 1935 da 1938, ta ci kofin FA a 1936 a ƙarƙashin sabon manaja, George Allison. A watan Satumba na 1939 yaƙi ya sake ɓarkewa, aka tsayar da gasar bayan wasa uku kacal. Gwamnati ta karɓi Highbury don aikin kare jama'a daga harin jiragen sama, Arsenal ta koma buga wasanninta a filin Tottenham.

Aiki

Ku amsa da baki: Me ya sa Chapman ya mayar da ɗan wasa ɗaya baya?

Ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku, ku kula da ƙugiyar haruffa: ƙungiya, ƙwallo, ɗan wasa, yaƙi.

Lissafi: Da Arsenal za ta sayo Charlie Buchan, ƙungiyarsa Sunderland ta nemi fam 4,000 a kansa. Aka daidaita a kan fam 2,000, da ƙarin fam 100 a kan kowace ƙwallo da zai ci a kakarsa ta farko. Ya ci 21. Nawa Arsenal ta biya gaba ɗaya? Da ta biya kuɗin da aka nema tun farko, nawa za ta rage?

Daga 1919 zuwa 1939 shekara nawa ne? Ku rubuta amsar da lamba, sannan da kalmomi.