Yadda ake hana ƙarfe marar tsatsa rasa kabon ɗinsa a tanderu

Idan aka danne garin ƙarfe marar tsatsa aka gasa shi har ya haɗe, ko aka zafafa ƙarfen don ƙara masa tauri, sau da yawa kabon ɗin da ya shiga da shi ba shi yake fitowa da shi ba. Kabon ba ya tafiya shi kaɗai. Oksijin ne ke ɗauke shi, su haɗu su zama iskar kabon monoksaid su fice. Saboda haka yawancin aikin nan na toshe wa oksijin hanya ne.

Fara da sanin irin ƙarfen da ke hannunka. Samfurin 304L da 316L dama kabon ɗinsu bai wuce kashi 0.03 cikin ɗari ba, raguwarsa ba ta cutar da su. Inda abin yake ciwo shi ne 420 da 440C, waɗanda taurinsu ya dogara a kan kabon. Shi 440C yana ɗauke da kashi 0.95 zuwa 1.20.

Daga nan ka auna oksijin da ke jikin garin, kuma a ganina wannan matakin ya fi sauran muhimmanci, ga shi kuma shi aka fi tsallakewa. Kowace ƙwayar gari tana da siririyar fatar oksaid, wato ƙarfen da ya haɗu da oksijin, a bayanta. Garin da aka samu ta hanyar tarwatsa narkakken ƙarfe da ruwa ya fi wanda aka tarwatsa da iskar gas yawan wannan fata. Idan zafi ya haura digiri 1,000 a ma'aunin Celsius, kabon yakan fara fizgar oksijin daga fatar, ko da a tanderun da aka zuƙe wa iska ne. Lissafin ba shi da wuya: giram 16 na oksijin yana tafiya da giram 12 na kabon. Ke nan oksijin kashi 0.2 zai iya cinye kabon kashi 0.15, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ake bukata a 420. Ka ajiye garin a rufe, nesa da danshi.

Man da aka cuɗa garin da shi don dannewa, a ƙone shi tas tsakanin digiri 400 zuwa 600 kafin a ɗaga wuta. Ragowarsa na ƙara kabon ba bisa ƙa'ida ba, sai lissafinka ya rikice.

Sai iskar cikin tanderu. Idan haidirojin kake amfani da shi, ya zama busasshe, ma'aunin raɓarsa, wanda ke nuna yawan danshin da ke cikinsa, ya kai digiri 40 ƙasa da sifili ko ma ƙasa da haka, domin tururin ruwa na cin kabon kuma yana ɓata kuromiyam, sinadarin da ke hana ƙarfen yin tsatsa. Bi bakin ƙofa da mahaɗar bututu ka duba ko iska na kutsawa. A tanderu marar iska, saki 'yar iskar gas ta agon idan zafi ya yi sama, don kada kuromiyam ya tashi ya bar ƙarfen. Gas ɗin da ake samu daga fasa amoniya rubu'insa naitirojin ne, naitirojin kuwa yakan kama kuromiyam ya rage wa ƙarfen juriyar tsatsa.

Sai bayan duk wannan za ka ƙara garin girafait, wanda shi kansa kabon ne, don cike gurbin kabon ɗin da ka san zai tafi. Wanda ya fara da girafait alhali tanderunsa na yoyo, zuba ruwa yake a rariya.

Wajen ƙara tauri, ana kai 440C digiri 1,010 zuwa 1,065. In babu gas mai kariya, naɗe kayan da fallen ƙarfe marar tsatsa samfurin 321 ko 309, ka ninke bakin sosai. Kada kayan su daɗe a wuta fiye da yadda kaurinsu ke bukata, domin daɗewa na ƙara zurfin fatar da ta rasa kabon. Bar ɗan ƙarin kauri da za a goge daga baya.

Bayan an sanyaya, yanka guda ɗaya ka auna tauri da gwajin Vickers, wanda ake danna tsinin lu'ulu'u a jikin ƙarfe a auna girman sawun, daga gefe zuwa tsakiya. In gefe ne kawai ya yi laushi, iskar tanderu ce mai laifi. In laushin ya kai ciki, koma kan garin. Ƙa'ida mai lamba E1077 ta ASTM, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin gwajin kayayyaki, ta bayyana yadda ake auna zurfin fatar da ta rasa kabon, E1019 kuma yadda ake auna kabon da oksijin.