Tirelar kwana tana lilo a bayanka? Ga inda ake yawan kuskure

Duk wanda ya taɓa jan tirelar kwana, wato ɗakin nan mai tayoyi da ake maƙalawa a bayan mota, ya san yadda gaba ke faɗuwa idan ta fara lilo. Ka leƙa madubi ka ga ta karkata dama, kafin ka farga ta koma hagu, kowane juyi ya fi na baya faɗi. Direbobi kan ɗora laifin a kan iska ko babbar motar da ta wuce su. Iska tana da nata laifin, amma galibi tun wurin lodi aka ƙulla matsalar.

Babban kuskure shi ne jibga kaya masu nauyi a can ƙuryar baya, don nan ne ya fi sauƙin sakawa. Da zarar baya ya rinjayi gaba, hancin tirela, wato ƙarfen gabanta da ake maƙalawa a ƙugiyar bayan mota, ba zai danne ƙugiyar yadda ya kamata ba, sai ta zama kamar wutsiya, abu kaɗan ya kaɗa ta. Ga irin tirelolin Amurka, ana so nauyin da ke sauka a kan ƙugiya ya kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar da lodinta. Idan duka-duka kilo 2,000 ce, kilo 200 zuwa 300 ke nan. Na Turai kan yi ƙasa da haka, don haka littafin tirelarka shi ne alƙali. Sa kusan kashi 60 na kayan a gaban tayoyin tirela, masu nauyi a ƙasa, a ɗaure tamau. Kada ka auna da ido, hau sikeli. Ruwa ma kaya ne: lita ɗaya kilo ɗaya ce, tankin lita 150 da ke bayan tayoyi ya isa ya ɓata lissafin gaba ɗaya.

Wasu kuma da suka ji wannan sai su tura komai gaba. Bayan mota ya durƙusa, gabanta ya ɗaga, fitilu su kalli sama, sitiyari ya yi sako-sako a hannu. Ƙugiya mai rarraba nauyi tana maganin wannan, domin tana mayar da wani kaso na nauyin kan tayoyin gaban mota. Amma ita da ƙarfen hana lilo, taimako kawai suke yi, ba sa gyara mummunan lodi. Tsaya daga nesa ka duba: tirela ta miƙe daidai, ko hancinta ya ɗan sunkuya, kada dai ya ɗaga sama.

Akwai masu duba ƙarfin jan motarsu su manta da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Nauyin ƙugiya, fasinjoji da kayan but duk a cikin wannan iyakar suke.

Sai gudu. Tirelar da ke biye da kai lafiya lau a kilomita 80 a awa tana iya birkicewa a 110, musamman a gangara, inda take tura mota daga baya. Sauka da ƙaramin giya, ka rage gudu tun kafin gangarar ta fara. Tayoyin tirela da yawa ma ba a yi su don wuce kilomita 105 a awa ba. Auna iskarsu da safe kafin su yi zafi, taya mai ƙarancin iska tana laushi a gefe, laushin nan kuwa abokin lilo ne.

Idan lilon ya riga ya fara, ƙafa da kanta take neman birki. Hana ta. Taka birkin mota da ƙarfi yana sa tirela ta naɗo ta gefe. Kada ka yi kokawa da sitiyari kana bin ta dama da hagu, hannunka ba zai cim mata ba, ƙara mata ƙarfi kawai za ka yi. Shawarar nan ta a ƙara wuta don ta miƙe, ni dai ban yarda da ita ba, gudun da ya haifi lilo ba zai kashe shi ba. Riƙe sitiyari a miƙe, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, in kana da na'urar da ke sarrafa birkin tirela daga cikin mota ka matsa ta da hannu, birkin tirelar kaɗai zai ja ta ta dawo layi. In ta lafa, nemi wuri ka tsaya ka sake tsara kayan.

Kafin ka tashi, tabbatar girman ƙwallon ƙugiya ya dace da bakin tirela. Inci 2 da milimita 50 sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Gitta sarƙoƙin tsaro a ƙarƙashin hancin don su tallafe shi idan ya kuɓuce, igiyar birkin gaggawa kuma, wadda ke kama birkin tirela idan ta rabu da mota, a jikin mota ake ɗaure ta, ba a jikin sarƙa ba.