Ranar ganawa da malamin ɗanki: abin da za ki yi

Iyaye mata a unguwannin Nima da Mamobi da ke Accra sun sha tambayata wannan, to ga shi.

1. Ana gobe za ki je, duba littattafan aikin yaron.
2. Tambaye shi darasin da ke ba shi wuya.
3. Ɗauki takardar sakamakon zangon da ya wuce.
4. Fita da wuri. Wanda ya makara, a gurguje malam ke sallamarsa.
5. Bayan gaisuwa, faɗi sunan yaron na rajista. Hattara: sunan gida ba ya cikin littafin malam, sai a karanto miki sakamakon ɗan wani.
6. In Turanci bai zauna miki ba, roƙi a yi da Hausa ko Twi. Ba abin kunya ba ne.
7. Tambayi inda yaron ke da rauni. "Na nawa ya zo?" kaɗai ba ta wadatar.
8. In ɗan JHS 3 ne (aji uku na ƙaramar sakandare), tambayi shirin BECE (jarrabawar kammala ƙaramar sakandare) da zaɓen makarantun gaba.
9. Faɗa wa malam lokacin da yaron ke zuwa islamiyya, domin aikin gida ya samu gurbi.
10. In an kawo ƙararsa, saurara har ƙarshe. Kul ki zage shi a gaban malam, bari ku isa gida.
11. Karɓi lambar wayar malam kafin ki tashi.