Yadda ake amfani da kalmar "defer" a Turanci

A ƙarshen daminar bara ɗan yayata ya same ni a gida nan Argungu, ya durƙusa ya gaishe ni, ya zaro takarda daga aljihu. Ya samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, amma ruwa ya cinye shinkafar mahaifinsa a fadama, kuɗin rajista babu su. So yake a ajiye masa gurbin zuwa baɗi.

"Kawu, duba mini kafin in kai," in ji shi.

Layin farko ya tsayar da ni: "I want to differ my admission." Shekara 11 ina koyar da Turanci, kuma wannan kuskure yana damuna, domin yakan faɗo ne a takardar da mutum ya ɗora wa dukkan burinsa.

Ka fara raba kalmomin biyu. "Differ" bambanta ne ko saɓawa. Wadda yaron yake nema ita ce "defer", da "f" ɗaya. A baki ma sun rabu: "differ" a gaɓar farko ake danna ta, "defer" kuwa a ta biyu. Shi ya sa ake ninka "r" a rubuta "deferred" da "deferring".

Ma'anarta ta farko ɗagewa ce. Abin da za a ɗage shi ke bin ta kai tsaye, lokaci ya zo daga baya. Ga yadda muka gyara: "I wish to defer my admission until the next session." Idan aiki ne ya biyo ta, ka sa masa "ing", kamar "defer paying the fees". Kalmar ofis ce, ta kotu da banki da makaranta. In da abokinka kake, za ku ɗage zuwa kasuwar Jega, "put off" ko "postpone" sun ishe ka. Sunan ɗagewar "deferment" ne ko "deferral", kuma shi ya dace ya hau kan takardar.

Ma'ana ta biyu ita na fi so. Da zarar "to" ta manne mata, sannan mutum ya biyo baya, zancen ɗagewa ya ƙare. Ka ɗauka ana rabon gadon gona, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, sai babban wa ya ce, "Ni na bar wa Malam magana, shi ya san ilimin gado." Da Turanci zai ce, "I defer to Malam on this matter." Babu tsoro a ciki, kuma ba a kayar da shi ba. Ya san akwai wanda ya fi shi sani ko girma, ya janye ra'ayinsa don kansa. Daga nan aka samu "deference", wato girmamawa, irin wadda yaro ke yi in ya tuɓe takalmi a ƙofar zauren dattijo.

Kada "to" ta ruɗe ka a jimla irin "defer the meeting to Monday". Taro ya shiga tsakani, kuma Litinin ba mutum ba ce, don haka ɗagewa ake nufi.

Abin da ya sa kalma ɗaya ta ɗauki kaya biyu shi ne asalinta biyu ne a Latin: "differre" ta ba da ɗagewa, "deferre" ta ba da barin magana ga wani. Ita kanta "differ" daga "differre" ta fito. Na gaya wa yaron haka don ya san kuskurensa na masu ƙoƙari ne.

Muka ƙara dalilin neman ɗagewar a layi biyu, da lambar jarrabawarsa da sashen da aka ba shi. Na ce ya yi fotokwafi biyu, a buga masa hatimi a guda, ya kawo ta gida ya adana.