Shimfiɗar jariri, ki rage tarkacen nan

Maman jariri dan Allah in za ki kwantar da shi ki kwantar da shi rigingine, ba rub da ciki ba kuma ba ta gefe ba, tun 1992 likitocin yara a Amurka suka hana rub da cikin nan saboda mutuwar fuju'a cikin barci.

Katifa ta zama mai ɗan tauri, ki ja zanin gadon ki soke shi sosai. Filo, bargo mai gashi, 'yar tsana, duk ki kwashe sai ya cika shekara 1, na san kayan barka ne kuma suna da kyau a hoto amma jariri bai da ƙarfin ture abu in ya toshe masa hanci. Lokacin hunturu ki sa masa kaya biyu da safa kawai, ki taɓa ƙeyarsa in kin ji gumi to sun yi yawa, a cire hula in zai yi barci.

Kaskon gawayi da turaren wuta a fitar waje. Laya ko igiya a wuya a'a wallahi. Gadonsa ya zauna a ɗakinki aƙalla wata 6, gidan sauro kuma a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa kar ya sauko masa a fuska.