Kurakuran da baƙi suka fi yi a ƙauyen Gordes da kewayensa, da yadda ake kauce musu

Gordes ƙauye ne da aka gina a jikin tsauni a lardin Vaucluse da ke kudu maso gabashin Faransa, inda gidajen farin dutse suka hau kan juna tun daga gindin tudu har zuwa tsohuwar fadar da ke ƙololuwa, wadda aka sabunta gininta a 1525. Mazaunansa ba su kai dubu biyu ba, amma da zarar zafi ya shigo sai masu yawon buɗe ido su yi masa ca daga ko'ina a duniya. Mafi yawan wahalar da baƙo ke sha a wurin tana samo asali ne daga abu biyu da ya zo da su daga gida, wato hoton da ya gani a waya da kuma zaton cewa ƙauye yana tafiya da lokaci irin na birni.

Kuskure mafi ciwo shi ne zuwa a lokacin da bai dace ba. Hoton da ke janyo mutane shi ne na gidan ibadar Sénanque, wanda masu zuhudu na Kirista suka kafa a 1148 a wani kwari mai nisan kimanin kilomita 4 daga ƙauyen, da gonar lafinta shimfiɗe a gabansa. Wannan tsiron shi ne asalin turaren lafinta da muka sani, kuma furensa ba ya daɗewa, domin yakan buɗe ne daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, sannan a girbe shi. Wanda ya sayi tikitin Agusta saboda shi ne watan hutu zai tarar da kututture a jere, ga cunkoso, ga tsadar masauki. Idan Agustan ya zama dole, mafita ita ce a nufi yankin Sault da ke gindin tsaunin Ventoux, inda tsayin wurin ke sa furen ya makara, har ake bikin lafinta a ranar 15 ga watan. Wanda kuwa tafiyar ƙafa ce ta kawo shi, a ganina gara ya haƙura da furen baki ɗaya ya zo a Mayu ko ƙarshen Satumba.

Daga nan sai batun abin hawa. Jirgin ƙasa mai sauri yakan kai mutum daga Paris zuwa Avignon cikin ƙasa da awa uku, kuma wannan sauƙin ne ke yaudarar baƙo ya ɗauka ragowar kilomita 40 ɗin ma haka suke. Babu tashar jirgi a Gordes, mafi kusa ita ce ta Cavaillon, motocin bas kaɗan ne a yini, kuma ba a tsayar da tasi a bakin hanya, sai an kira tun da wuri. Mai niyyar hayar mota ya nemi ƙarama, ya kuma tabbatar da irin giyarta kafin ya biya, domin motocin haya da yawa masu giyar hannu ne, kuma tashi da irinsu a kan hawa ba wasa ba ne ga wanda bai saba ba. Kada a yi ƙoƙarin kutsawa da mota cikin lungunan ƙauyen. A ajiye ta a wurin da aka tanada, a biya kuɗin, kuma kada a bar jaka a kan kujera inda mai wucewa zai gani. Shahararren hoton ƙauyen ma daga waje ake ɗaukarsa, a wani wurin tsayawa da ke kan hanyar Cavaillon, kuma ya fi kyau da yamma lokacin da rana ke dukan fuskar gidajen.

Lokacin cin abinci yana kama mutane da yawa. Gidajen abinci sukan ba da na rana daga ƙarfe 12 zuwa 2, sannan a rufe madafa sai wajen ƙarfe 7 na yamma, ƙananan kantuna ma sukan rufe da tsakar rana. Wanda ya sauko daga tsauni ƙarfe 3 da yunwa zai yi ta leƙa ƙofofi a banza. Kasuwar Gordes ranar Talata take ci da safe, kuma kafin azahar an fara naɗe rumfuna, saboda haka a nan ya kamata a yi guzurin burodi da cuku da zaitun da 'ya'yan itace. Musulmi ya riƙa tambaya kafin ya ci, domin kalmomin "lardons" da "jambon" duk naman alade suke nufi, kuma farfesun naman sa na yankin da ake kira "daube" da giya ake dafa shi.

Titunan ƙauyen, waɗanda ake kira "calades", duwatsu ne aka jera a kan gangara, ƙafafun mutane sun goge su har sun yi santsi, don haka silifa da takalmi mai tsini ba su da wurin zama a nan. A cikin daji kuwa kuskuren shi ne dogaro da taswirar waya kaɗai, alhali akwai kwaruruwan da babu sabis a cikinsu. Faransawa suna yi wa hanyoyin ƙafa alama da fenti a jikin dutse ko bishiya. Fari a kan ja alamar doguwar hanya ce, rawaya ta gajeren zagaye ce wanda ake gamawa a yini ɗaya, idan kuma aka ga layukan sun giciye juna, ma'anarsa ba nan ba ce hanya, a juya. Duk wanda ya yi tafiyar minti goma bai ga fenti ba ya koma inda ya ga na ƙarshe, maimakon ya ci gaba da fatan hanya za ta fito da kanta. Taswirar takarda ta IGN, hukumar zana taswira ta Faransa, mai ma'aunin 1:25,000 tana nuna kowane lungu, kuma ba ta buƙatar caji.

Mutanenmu sukan yi wa zafin Turai kallon raini, kuma wannan kuskure ne a Provence, yankin da Gordes yake ciki. A ranar 28 ga Yuni 2019 ma'aunin zafi ya kai digiri 44.3 a Carpentras, garin da ba shi da nisa da Gordes. Hawan farin dutsen da ke mayar da rana a fuska ya bambanta da zama a inuwa, saboda haka a fita da sassafe, a sa malafa, a ɗauki ruwa fiye da yadda ake zato, kuma a duba famfon ƙauye kafin a sha, domin rubutun "eau non potable" yana nufin ba na sha ba ne. Abin da ya fi muhimmanci shi ne dokar gobarar daji. A watannin zafi ofishin wakilin gwamnati a lardin yana fitar da taswirar haɗari kowace yamma, kuma idan ƙasa ta bushe, ga iskar arewa mai ƙarfi da ake kira "mistral" tana kaɗawa, akan taƙaita shiga daji ko a hana shi ɗungurungum. Ba shawara ba ce, doka ce mai tara, kuma ta haɗa da hana shan taba da kunna wuta a cikin daji da kusa da shi. A duba taswirar daren da za a wayi gari a fita, a kuma riƙe lambar 112 ta neman agaji.

A Roussillon, kimanin kilomita 10 gabas da Gordes, akwai hanyar da ta ratsa tsofaffin ramukan haƙar jar ƙasa da rawaya, wadda ake yin launin fenti da ita. Na taɓa shiga wurin da farar shadda da farin kambas, ina ganin ai zagayen rabin awa ne kawai. Ƙurar tana da laushi kamar garin lalle, ta shiga bakin wando da ɗinkin takalmi, kuma wanki uku bai fitar da ita ba. A sa tsofaffin kaya masu duhu, kuma kada a ɗebi ƙasar a leda don tsaraba, domin an hana.

Idon ruwan Fontaine-de-Vaucluse, inda kogin Sorgue ke ɓulɓulowa daga gindin wani dogon dutse, shi ma yana da lokacinsa. An auna zurfin ramin aka sami mita 308, amma wanda ya je a tsakiyar zafi zai iya tarar da ruwan ya ja can ƙasa, sai a Maris da Afrilu ne yake tumbatsa. Tuƙin kwalekwale daga nan zuwa L'Isle-sur-la-Sorgue, tafiyar kimanin kilomita 8, yana da daɗi, sai dai ruwan yana nan a wajen digiri 13 duk shekara, don haka yadda yake garau kada ya ruɗi wanda bai iya iyo ba ya cire rigar kariya. Masu keke kuma, maimakon su fara da hawan Gordes da rana tsaka, gara su bi hanyar keke ta Calavon da aka shimfiɗa a kan tsohon layin dogo, wadda ta wuce ta gadar Julien da Rumawa suka gina fiye da shekara dubu biyu da suka wuce.

Saura kuskuren da ya fi ɓata wa mutanen gari rai, wato mantawa da cewa wurin yana da masu shi. Gonar lafinta abincin wani ce, ba a shiga tsakiyarta a tattake kunya saboda hoto, ba a kuma tsinkar furen, ga ƙudan zuma cike da ita. A Sénanque har yau masu zuhudu suna zaune suna ibada, ana son shiru da suturar mutunci. Shiga kanti ba tare da cewa "bonjour" ba rashin ladabi ne a wurinsu, kamar shiga gida babu sallama. Daga Satumba zuwa ƙarshen Fabrairu kuma lokacin farauta ne, musamman ta aladen daji. Wanda ya bi hanyar Katangar Annoba, wadda aka gina da busasshen dutse a 1721 don tare annobar da ta taso daga Marseille, ya ga allo mai rubutun "chasse en cours", ya sani mafarauta suna ciki da bindigogi, sai ya sauya hanya ya dawo wata rana da riga mai launi mai haske.